Yadda na gyara sautin 'yar sintesaiza ta analog

'Yar sintesaizar (kayan kiɗa mai maɓallai da ke haɗa sauti da lantarki) da na saya a haraj, wato kasuwar gwanjon Jidda, murya ɗaya take fitarwa ko maɓalli uku ka danna. Sai na naɗi sautukanta na zuba a samfila, na'urar da ke sake buga sautin da aka naɗa, don in samu kod, wato sautuka da yawa a lokaci guda, amma ina haɗawa sai ka ji suna faɗa da juna, ba daɗi wallahi. Ashe sintesaizar analog, wato wadda ba ta dijital ba, sautinta zamewa yake kafin ta ɗau zafi, ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na busa mata sanyi. Na kashe shi, na bar ta kunne rabin awa, na saita sautin A kan 440 Hz, ma'aunin da aka saba saita kayan kiɗa da shi, na sake naɗar maɓalli ɗaya cikin kowane uku, samfila ta cike sauran. Ƙas-ƙas ɗin da ake ji wajen da samfila ke maimaita sautin kuwa, a manhajar gyaran sauti ta Audacity na yanke daidai inda igiyar sautin ta taɓa sifili, ya ɓace.