Ga masu son ɗaukar hoton jirgi yana alkafura

Salamu alaikum ƴan uwa. Malam, kai da ka ce za ka je baje kolin jiragen sama na Le Bourget a Faransa, ga shawarata.

Akwai wata alkafura da ake kira lomcevak, wadda matuƙan Cekoslobakiya suka yi suna da ita. Jirgin yakan hau sama, gudunsa ya ragu, sai ka ga wutsiya ta haure kai yana wuntsilawa. Ƙarfin juyawar inji da farfela ne ke murɗa shi, shi ya sa ƙananan jirage masu farfela irin Extra 300 ke yin ta.

Kada ka sa saurin kyamara, wato saurin buɗewa da rufewar idonta, a 1/2000 na sakan. Farfela za ta tsaya cak a hoton, jirgin ya zama kamar na roba da aka rataye. Sauko wajen 1/250, farfelar ta bazu, jikin jirgin ya fito tas. Hannu zai yi rawa, to ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka juya daga ƙugu kana bin jirgin. Ka riƙa ɗauka a jere, rana a bayanka. Ni dai na fi son hoton da hayaƙi ya nannaɗe jirgin, don shi ke nuna inda ya biyo.

Kafin tafiya, ka gwada hannunka da shirwa a kan duwatsun unguwar Birni ta Damagaram da hantsi. Amma filin jirgin Damagaram, kada ka nufe shi da kyamara ba izini. In hunturu ne, kar ka canja gilashin kyamara a fili, ƙura za ta shige ciki.