Yadda Nake Karanta Tarihin Attajirai da Littafin Rubutu a Gefena

Kusan kowane mako sai ɗaya daga cikin samarin da ke zama a rumfarmu ya miƙo mini waya ya ce, "Baba, kalli wannan." In na duba sai in tarar bidiyon Alhaji Aliko Ɗangote ne, an ɗora masa kiɗa mai taushi, ana cewa da sayar da alawa ya fara tun yana ɗan firamare, yau ga shi ya fi kowa dukiya a Afirka. Maganar alawa gaskiya ce, shi da bakinsa ya sha faɗa. Damuwata ita ce yaron da ya kalli bidiyon nan zumuɗi kawai yake tashi da shi, ba ya samun abin da zai kai kasuwa gobe da safe.

Ni ma irin wannan zumuɗin ya taɓa cin jarina. Shekarar da ubangidana ya sallame ni, na ji ana ta cewa manyan 'yan kasuwa ba sa tsoron bashi. Na ci bashi, na sayi riɗi da kaka, na zuba a sito ina jiran farashi ya tashi. Farashi ya sauka, lokacin biya ya yi, na sayar a kan faɗuwa. Ubangidan nawa, Allah ya ji ƙansa, bai yi mini faɗa ba. Yana zaune a kan buzu yana jan carbi ya ɗago kai ya ce, "Yaro, wanda ka kwaikwaya ɗin nan, a wace shekara ya yi haka, kuma wa ke bayansa?" Ban da amsa ko ɗaya. Tun daga ranar na canza yadda nake karanta tarihin masu dukiya, kuma hanyar da na bi ita nake so in nuna maka.

Fara da sayen littafin rubutu mai falle arba'in. Buɗe tsakiyarsa, ka ja layi daga sama har ƙasa. A hannun dama ka riƙa rubuta shekara da abin da mutumin ya yi. A hannun hagu ka rubuta abin da ke faruwa a ƙasa a daidai wannan shekarar: hanya ce aka buɗe, doka ce aka canza, fari aka yi ko yaƙi. Wannan layin shi ne rabin aikin, domin attajiri ba a sama yake yin kasuwanci ba.

Gwada shi a kan Alhassan Ɗantata ka gani. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, mutanen da fatauci ne gadonsu. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, ya rasu Alhassan yana ƙarami. Mahaifiyarsa ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yau, ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, daga nan ne sunan Ɗantata ya samo asali. Ya taso ya shiga fataucin goro. A wancan zamanin ayari kan fita daga Kano da jakuna, a yi watanni a hanya ana sauka zango-zango kafin a isa Gwanja, ƙasar goro a arewacin Gana ta yau, a sake yin wasu watannin kafin a dawo, goro kuwa ba ya son jira, sai ana yayyafa masa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe. Ɗantata yana cikin na farkon 'yan kasuwar Arewa da suka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, wato Legas. Kayan dai goro ne, irin wanda kowa ke sayarwa. Hanyar ce ya canza.

Yanzu duba hannun hagu. A 1911 layin dogo ya iso Kano, a 1912 aka fara jigilar kaya sosai. Turawa auduga suka sa rai za ta cika taragu, sai manoma suka ga gyaɗa ta fi musu, suka karkata gare ta. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli, amma ba su san ƙauye ba, ba su san wa za a ba kuɗi ya dawo da kaya ba. Waɗanda suka san wannan su ne fataken goro, masu yara a kowace kasuwa. A 1918 Kamfanin Neja, na Turawan Ingila, ya nemi Ɗantata ya riƙa saya masa gyaɗa, lokacin yana da shekara arba'in da ɗaya. Sai ya juya yaransa da amanar da ya gina a harkar goro zuwa harkar gyaɗa: a ba dillalai kuɗi tun kafin kaka, su shiga ƙauyuka, buhuna su taru a Kano su zama dala. A 1929 da bankin Turawa na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, raƙuma ashirin ne suka kai masa sulallan azurfa ajiya. Ya rasu a watan Agusta na 1955.

Masu ba da labari raƙuman nan ashirin suke so, ni ma suna burge ni. Amma da ka jera shekarun a littafi za ka ga abin da ya fi raƙuma muhimmanci. Mutumin ya shafe shekaru yana tara mutane masu amana, ranar da jirgin ƙasa ya iso kuwa ya same shi a shirye. Wannan darasi ne da mai tebur ɗaya a kasuwa zai iya ɗauka.

Shafi na gaba ka rubuta masa kai da babban baƙi: ina jarin farko ya fito? Kada ka tsallake wannan tambaya don kunya ko don kana ƙaunar mutumin. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. An haifi Aliko Ɗangote a Kano a 1957. Mahaifiyarsa Hajiya Mariya 'yar Alhaji Sanusi Ɗantata ce, wato shi tattaɓa-kunnen Alhassan ne. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara takwas, ya taso a hannun kakansa Sanusi, ya yi karatu a jami'ar Azhar ta Alƙahira, sannan a 1977 ya fara kasuwanci da rancen da kawunsa ya ba shi. Haka Alhaji Abdussamad Rabi'u, wanda aka haifa a 1960, ɗa ne ga Halifa Isyaka Rabi'u, babban malami kuma babban ɗan kasuwa. Yana da shekara ashirin da huɗu nauyin kasuwancin gidansu ya hau kansa, lokacin da gwamnatin soja ta tsare mahaifinsa a 1984. Sai a 1988 ya kafa nasa kamfanin, BUA.

Faɗin wannan ba rage musu daraja ba ne. 'Ya'yan attajirai nawa muka gani a garin nan da suka gaji dukiya ta narke a hannunsu kamar ƙanƙara? Amfanin shafin shi ne ka san ainihin abin da suka fara da shi, kuma ba kuɗi kaɗai ba ne. Akwai sunan gida da ke sa a ba ka kaya bashi ba tare da an nemi jingina ba. Akwai zama kusa da kakanka ana lissafi kana ji tun kana yaro. Bayan ka rubuta nasu, juya bayan shafin ka rubuta naka da gaskiya: nawa ne a hannunka, wa zai tsaya maka, wa zai ba ka kaya ka sayar ka kawo kuɗi. Da na yi nawa na gane cewa babban jarina ba kuɗi ba ne, shekarun da na yi a gaban ubangidana ne da mutanen da suka san fuskata saboda shi.

Daga nan sai ka nemo kwanar da mutumin ya sha, wato lokacin da ya bar abin da ya saba ya kama wani. Ɗangote ya shafe kusan shekara ashirin yana shigo da shinkafa, sukari da siminti daga waje yana sayarwa. Daga ƙarshen shekarun 1990 ya koma kafa masana'antu. A 2000 ya sayi kamfanin siminti na Binuwai lokacin da gwamnati ke sayar da kamfanoninta. A 2002, dubi hannun hagu, gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin da ya ce lasisin shigo da siminti sai ga wanda ke gina masana'anta a cikin gida. A 2007 aka buɗe masana'antar Obajana a jihar Kogi, yana da shekara hamsin, shekara talatin cif bayan rancen farko. Matatar mai ta Lekki a Legas, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, an yi shelarta a 2013, ba a ƙaddamar da ita ba sai watan Mayu na 2023. Abdussamad shi ma da shigo da kaya ya fara, sai a 2008 ya buɗe matatar sukari a Legas, daga baya ya shiga siminti ta kamfanin Sakkwato da na Okpella a jihar Edo. Mutane suna ta muhawara kan ko tsarin gwamnati ya fifita manya a kan masu saye. Muhawara ce mai tushe, ni kaina in na je sayen buhun siminti nakan tuna da ita. Kai dai rubuta duka ɓangarorin biyu, domin tarihin da babu hannun gwamnati a cikinsa bai cika ba.

Shafin da na fi daɗewa a kansa shi ne na abin da bai yi ba. Bidiyo ba ya nuna wannan, sai ka tona. A 2016 Ɗangote ya buɗe masana'antar tumatirin gwangwani a Kadawa ta jihar Kano, nan kusa da mu, wadda aka gina don ta riƙa cin tan 1,200 a rana. A wannan shekarar tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, kwandon tumatir ya yi tsadar da ba a saba gani ba, masana'anta ta tsaya. Ko bayan an sake buɗe ta, samun isasshen tumatir a farashin da manomi da kamfani za su yarda da shi bai zo da sauƙi ba. Ka ga kuɗi sun gina inji, amma ba su sa tumatir ya zo ba. Ɗantata kuwa da hanyar samun kaya ya fara kafin komai. Haɗa waɗannan shafuka biyu ka zauna ka yi tunani a kansu. Akwai kuma kamfanin fulawa, wanda Ɗangote ya sayar wa Tiger Brands na Afirka ta Kudu a 2012, ya karɓo shi a 2015 bayan sun tafka asara, ya sake sayar wa kamfanin Olam a 2019. Sanin lokacin sakin kaya shi ma sana'a ne, kuma shi ne abin da ban sani ba ranar da na rungume riɗina a sito.

Game da inda za ka samo bayanan, ƙa'idata gajeriya ce. Duk adadin da ka gani a wuri ɗaya kawai, rubuta shi da fensir. Kamfanin da ke kasuwar hannayen jari, kamar simintin Ɗangote tun 2010 ko simintin BUA tun 2020, dole yake fitar da rahoton shekara, kuma yana nan a intanet kyauta. Ko shafin riba da bashi kaɗai ka sa wani mai ilimin lissafi ya karanta maka, ka fi mai kallon bidiyo ɗari. Abin da maroƙi ya faɗa kirari ne, ka ji daɗinsa ka bar shi a wurin biki.

Sai tsofaffi. A Ƙoƙi, Sarari da Kurmi na birnin Kano har yanzu akwai dattawan da iyayensu suka yi awon gyaɗa ko dillancin goro, kuma kullum raguwa suke yi. Je ka da ɗan goronka bayan la'asar, ka durƙusa ka gaisa, kada ka fara da fito da waya. Kada ka tambayi nawa wane ya mallaka, ba za ka ji komai ba sai ƙari. Tambayi yadda ake ba dillali kuɗi, me ake yi wa wanda ya ci amana, wa ke riƙe littafi, yaya ake yi in kaka ta ƙi. Wani dattijo da na taɓa zama da shi ya ɗauki tsinke ya zana mini a ƙasa yadda ake jera buhunan gyaɗa a gindin dala, kowane layi na sama yana shigewa ciki kaɗan. Yana zanen yana gaya mini cewa ba a ba sabon yaro kuɗi mai yawa a karon farko, sai an gwada shi da kaɗan kaka biyu ko uku.

A shafin ƙarshe ka zaɓi abu ɗaya tak daga cikin duk abin da ka rubuta, wanda ya yi daidai da ƙarfinka, ka gwada shi da kuɗin da in sun tafi ba za su rufe maka shago ba. Ni maganar dattijon nan na ɗauka. Na daina jiran kaya su same ni a kasuwa, na nemi mutum biyu a ƙauyen kakannina, na ba kowannensu kuɗin buhu biyar kafin kaka, muka rubuta a gaban mai unguwa. Ɗaya ya cika, ɗaya ya kawo huɗu da uzuri. Da kaka ta zagayo na ƙara wa na farko zuwa goma, na bar na biyu a kan biyar ɗinsa, na rubuta duka a hannun dama na littafin, a hannun hagu kuma na rubuta cewa ruwa ya ɗauke da wuri a wannan shekarar.