Yadda za ka ɗauki maganar tsoffin gidanku a waya, da abin da na koya daga wata farfesa 'yar Finland

Kakata ta wajen uwa ta zo Legas tana amarya, mijinta ɗan kasuwar goro ne a Agege, kuma har Allah ya karɓi ranta bakinta bai daina waƙar daka da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba, ga kirarin 'yan bori da ta ji tun tana yarinya a ƙauyensu, tana yi tana cewa Allah ya yafe mana. Abin da ya rage min na muryarta bai kai minti ɗaya ba, shi ma ƙarar janareto ta cinye rabi. Wallahi har yau abin yana min ciwo. Shi ya sa nake rubuta wannan, don duk mai tsohuwa ko tsoho a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ya fara tun da sauran lokaci, tunda yaranmu na nan Yarabanci da broka sun fi zama a bakinsu.

Wadda ta gyara min tunani a kan wannan aiki sunanta Anna-Leena Siikala, an haife ta a Helsinki a 1943, ta rasu a 2016. Farfesa ce ta adabin baka, ta koyar a jami'ar Joensuu daga baya ta koma Helsinki. Digirinta na dakta a 1978 ta yi shi ne a kan shaman na Saiberiya, wato mutumin da ake taruwa a kansa yana kaɗa ganga yana waƙa har ya fita hayyacinsa, mutanensa su ce ya tafi wajen iskoki neman magani ko labari. Abin da ta lura da shi, kuma shi ne ya kama ni, shaman ba shi kaɗai yake abin ba, yana ɗaukar murya da halin iskar da ake cewa ta zo, mataimakinsa da masu kallo suna amsawa, kowa ya san abin da ake jira daga gare shi. Ina karantawa sai na tuna yadda kaka take bayanin hawan bori, mai garaya ya kama kirarin Ɗan Galadima ko Sarkin Rafi, kowanne da kiɗansa da tafiyarsa da abin da ake ba shi. Ba wai abu ɗaya ba ne, kowa da ƙasarsa da tarihinsa. Amma darasin ya zauna min: kalmomi kaɗai ba su isa ba, sai ka san wa ya faɗa, a gaban wa, a wane hali.

To yanzu aikin. Kar ka shigo ka ɗora waya a gaban tsohuwa kamar ɗan jarida. Je ka gaishe ta, ka kai goro ko turare ko ɗan abin shayi, ka zauna a ƙasa ku yi hira rana ɗaya ko biyu ba ka ɗauki komai ba. Sai ka ce "Inna, ina so jikokinki su ji muryarki ko bayan ranmu, kin yarda in ɗauka?" In ta ce a'a ka bari, wata rana da kanta za ta kira ka. In ta yarda, ka sa ta faɗi yardar a cikin rikodin ɗin, sannan kai ka faɗi kwanan wata, unguwar da kuke, garin da aka haife ta, da waɗanda suke zaune a wurin. Wannan daƙiƙa talatin ɗin da mutane ke rainawa ita ce za ta sa abin ya yi amfani bayan shekara ashirin.

Maganar ƙara, ka san Legas. Lokaci mafi kyau bayan sallar asuba ne kafin danfo da masu babur su tashi, ko da daddare in akwai wuta ba a kunna janareto ba. Kashe fanka, rufe taga, sa wayar a kan filo kusa da ita kamar tsawon hannu, sa ta a yanayin jirgi don kar kira ya katse. Yi amfani da rikoda ta wayar, ba boyis not na WhatsApp ba, don shi yana rage ingancin murya kuma ranar da aka sauya waya yana iya tafiya. Ka cika caji, ka riƙe pawa bank.

Wurin da mutane suka fi ɓata abin shi ne tambaya. Kar ka ce "ba ni tatsuniya", sai ta ce ta manta. Ce mata "wa ya koya miki wannan waƙar?" ko "ranar da aka kawo ki Legas a jirgin ƙasa me kika fara gani?" sai ka yi shiru. Shirun nan da yake damunka ita tunani take yi, kar ka cike shi. Kuma dan Allah kar ka gyara mata Hausa, in Sakkwatanci take yi ko Katsinanci ko ta cakuɗa da Yarabanci ka bar shi haka, shi ma tarihi ne. Siikala ta yi wani bincike a kan masu ba da labari a garin Kauhajoki na Finland, inda ta duba yadda kowane mai labari yake ɗaukar abin da yake faɗa, wani da gaske yake, wani nesa-nesa yake da shi, wani don nishaɗi. Saboda haka in ta gama ka tambaye ta ita ya take ganin labarin, ta yarda da shi ko ji kawai ta yi. Sannan bayan wata biyu ko uku ka sake roƙon labarin nan dai, wannan karon da jikoki a zaune. Za ka ji ya sauya, ta tsawaita wani wuri ta yanke wani, kuma duka biyun ka ajiye, kar ka ce ɗaya ne na gaskiya.

Batun bori da magani kuwa sai da hankali. Yawancin tsoffinmu sun bar abin da daɗewa, wasu ma suna jin kunyar a ce sun sani, kuma kai ba wa'azi ya kawo ka ba, ba kuma tallar abin ba, rubuta abin da ya faru kake yi. In ta ce kashe wayar, ka kashe a gabanta. Littafin da Siikala ta rubuta da Oleg Ulyashev a 2011 a kan mutanen Khanty da Komi da Udmurt na Rasha yana magana ne a kan bambancin abin da mutane ke yi a ɓoye tsakaninsu da abin da suke nunawa a dandali. Mu ma haka ne. Abin da kaka ta faɗa maka a ɗaki ba na TikTok ba ne, sai in ita da 'ya'yanta sun amince.

Sai ajiya. Finland suna da ƙungiyar adabi tun 1831, likita Elias Lönnrot ya yi ta yawo ƙauyuka yana rubuta waƙoƙin baka har aka buga Kalevala, babban littafin waƙoƙin gargajiyarsu, a 1835, daga baya aka tattara tsoffin waƙoƙinsu a juzu'i 34. Daga irin wannan taska Siikala ta yi littafinta na 1992 a kan masu sani na gargajiyar Finland da suke kira tietäjä, don waɗanda suka riga ta sun rubuta sunan mai waƙa da ƙauyensa. Kai ma a ranar da ka ɗauka, sa wa fayil ɗin suna da kwanan wata, tura kwafi ɗaya Google Drive, ɗaya a kwamfuta ko memori, ɗaya wajen wani ɗan uwa a Arewa. Cikin satin ka zauna da iyafis da littafi ka rubuta kalma bayan kalma, ni hirar rabin awa tana cin min yamma guda cur. Duk kalmar da ba ka gane ba ka ja mata layi, in ka koma gaisuwa ranar Juma'a ka tambaye ta.