Yadda ake leƙa cikin kare ko kyanwa da na'urar endoskof

Idan amai ko gudawa suka ƙi ci suka ƙi cinyewa, kuma gwajin jini da hoton ciki ba su nuna komai ba, likitan dabbobi yakan koma ga endoskof. Siririn bututu ne mai lanƙwasuwa, da fitila da kyamara a bakinsa, da wata kafa da ake zura ɗan hantsaki.

Aikin yana farawa ne tun daga gida. A hana dabbar abinci na awa 12 zuwa 24, domin ko loma ɗaya ta rage a tumbi za ta rufe wa kyamara ido, kuma tana iya dawowa ta faɗa huhu. In babban hanji za a duba, azumin yakan kai awa 24 zuwa 48, a haɗa da wankin hanji ta dubura. A gaya wa likita duk maganin da dabbar take sha.

Bayan allurar barci, a sa bututun numfashi, a tokare baki don kada haƙori ya huda na'urar. A kwantar da dabbar ta ɓangaren hagu, domin ta haka ne mafitar tumbi take komawa sama, ta yi sauƙin shiga. Sai a zura na'urar ta baki a hankali, ana hura iska kaɗan-kaɗan har nannaɗen tumbi ya miƙe. Iska in ta yi yawa tana danne huhu, ta rage jinin da ke komawa zuciya. Dole a zuƙe ta kafin a zare.

Inda aka fi kuskure shi ne wajen ɗibar ɗan naman tumbi ko hanji da hantsakin don gwaji. Fatar hanji tana iya fitowa sumul kamar lafiyayya, alhali cuta na kwance a ciki. Don haka ko ba a ga komai ba, a gutsuro guda 6 zuwa 8 a kowane sashe, a sa a fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, a kai ɗakin gwaji. Ɗiba ɗaya ko biyu ɓata allurar barci ne kawai.

Ƙashi, ƙugiya ko allura da dabbar ta haɗiye ana iya ciro su da na'urar ba tiyata. Amma zaren da kyanwa ta haɗiye, wanda sau da yawa yake naɗe a gindin harshe, kada a ja shi: yanka hanji yake yi. Tsakiyar ƙaramin hanji kuwa na'urar ba ta kaiwa.

In dabbar ta farfaɗo sarai, a ba ta abinci kaɗan mai laushi. Kumburin ciki, aman jini ko zazzaɓi na iya nufin an huda wani wuri. A mayar da ita wurin likita nan take.