Yadda na ɗora Windows 11 a kwamfutar gidanmu

Kwamfutar gidanmu laftof ce, HP ta hannu, wadda na saya a Sabon Gari. Ni nake lissafin shago a kanta, ƙanwata mai karatu a Samaru tana buga furojet ɗinta, yara kuma su kalli katun idan an kawo wuta. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, ya daina aiko da gyaran tsaron da ya saba. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma kamar katangar ƙasa ce da aka daina yi wa yaɓe, damina ɗaya ko biyu ɓarawo zai samu kafa. Shi ya sa na ɗora mata 11.

Kada ka ƙona datarka sai ka tabbatar injin zai ɗauka. Windows 11 tana buƙatar RAM 4GB, wurin ajiya 64GB, da TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin injin, amma inda yawancin kwamfutocin hannu suke faɗuwa shi ne furosesa. Mai shago zai nuna maka sitika ya ce, "Ai i5 ce, Alhaji!" Sitikar ba ta gaya maka komai ba. Shiga Settings, sai System, sai About, ka dubi lambar da ke bayan ɗan layin. Tawa i5-8250U ce, wannan 8 ɗin na farko, mai nuna tsarar furosesa, shi ya cece ni. In ka ga i5-6300U ko i5-7200U, to Microsoft bai sa ka a layi ba, don daga tsara ta 8 ya fara a Intel. Akwai wata ƙaramar manhaja tasu, PC Health Check, ita za ta faɗa maka gaskiya cikin minti ɗaya.

Ni da farko cewa ta yi ba ni da TPM. Ashe yana nan, a kashe yake kawai. Kashe kwamfutar, kana kunnawa ka riƙa danna F10 in HP ce, F2 in Dell ce, ka shiga BIOS, wato saitin injin da ke buɗewa kafin Windows ta tashi, ka neme shi a sashen Security ka kunna. Wani injin PTT yake kiransa, na AMD kuma fTPM. Kar ka taɓa abin da ba ka sani ba a can.

Sai kwafe kaya, kuma a nan ne na sha da ƙyar. Na ce ai ba gogewa za a yi ba, me zai sa in wahala? Bayan sallar isha'i na fara, aiki ya kai kashi sittin da wani abu, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Batirin kuwa ba ya wuce minti ashirin. Da aka dawo da wuta na kunna, allo baƙi ƙirin, ɗigo-ɗigon nan suna ta zagaye. Ƙanwata tana tsaye a kaina da mayafi a hannu, ta ce, "Yaya, babi na huɗu fa a nan kaɗai yake." Ban iya ɗago kai ba. Sai wajen sha ɗaya kwamfutar ta komar da kanta Windows 10, muka ga fayil ɗin yana nan. Washegari kafin komai na kwashe takardu da hotuna a filashi, furojet ɗin kuma na tura mata ta imel. Aiki na biyu a wurin maƙwabci mai sola na yi shi.

Ɗorawar kanta ba wuya. In injinka ya cancanta, shiga Windows Update za ka ga an yi maka tayin saukewa, kuma kayanka da manhajojinka za su zauna. Ka tanadi data fiye da 5GB, ta dare ta fi araha. Kwamfutar za ta kashe kanta ta kunna sau da yawa, ka ƙyale ta. Mai son gogewa fes kuma sai ya nemi filashi mai 8GB ya saka Windows 11 a ciki da Media Creation Tool, manhajar Microsoft, amma ya sani duk abin da ke cikin filashin zai tafi. F9 ke zaɓo filashi a HP, F12 a Dell.

Bayan an gama kana da kwana 10 na komawa Windows 10 in sabuwar ba ta yi maka ba, saboda haka kar ka goge jakar Windows.old, inda tsohuwar take, don neman wuri. Gwada firinta da sauti tun a ranar.

Masu tsohon inji, na san akwai masu tsallake sharuɗɗan da wata manhaja mai suna Rufus, kuma Windows 11 tana hawa. Ni dai ba zan yi wa kwamfutar da ake neman abinci da ita haka ba, tunda ba a yi maka alkawarin gyaran tsaro ba. Gara a sa Linux Mint a madadin Windows, kyauta ce kuma ba ta da nauyi.

Abin da ya rikita yara shi ne maɓallin Start da ya koma tsakiya. Danna maɓallin dama na linzami a kan layin ƙasa, Taskbar settings, Taskbar behaviors, ka zaɓi Left, ya koma kusurwarsa ta hagu.