Yadda ake rage tsayin rufin motar hot rod

Hot rod, wato sauya fasalin tsohuwar mota don ta ƙara gudu, sana'ar Amurkawa ce. Ta samo asali a kudancin Kalifoniya a shekarun 1930, inda samari ke tseren tsofaffin motocin Ford a busassun tafkuna irin su El Mirage. Suna yanke ginshiƙan rufi su sauke shi ƙasa don iska ta daina tare motar, daga baya abin ya zama ado. Motar da ta fi sauƙin wannan aiki ita ce Ford Model A ta 1930 da 1931, domin ginshiƙanta a miƙe suke. A Mercury ta 1949 kuwa, wadda ginshiƙanta suka karkata, da zarar rufin ya sauka sai ya gaza tsawo daga gaba zuwa baya, dole a yi masa ƙari.

Fara da kwashe duk abin da wuta za ta ci: kujeru, waya, gilasai da ƙyallen rufi. Tankin man Model A yana gaban gilashin direba, dab da wurin walda, saboda haka a fitar da shi. Akwai kuma katako a cikin ginshiƙai da rufi. Inda ka tarar da dalma a tsofaffin mahaɗai, narkar da ita a fili ka goge, domin walda ba ta kama ta, hayaƙinta kuma guba ne.

Daga nan sai tokara. Ɗora jikin a kan firam ɗinsa, ka daidaita shi da ma'aunin ruwa, ka gyara ƙofofi har su rufu da kyau. Sai ka ɗinke bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, na milimita 25, a cikin jikin: ɗaya daga gefe zuwa gefe, biyu a gicciye, da ɗaya a kowace kafar ƙofa. Auna gicciyen biyu ka rubuta. Wanda ya tsallake wannan mataki, yana ɗaga rufi jikin zai buɗe, ƙofar kuma ba za ta sake zama daidai ba.

Yawanci ana rage inci 2 zuwa 4. Inci 3, wato kusan santimita 7.5, ya isa. Idan ya wuce haka direba mai tsayi zai riƙa duƙawa kafin ya ga danja. Naɗa tef mai faɗin abin da za ka cire a kowane ginshiƙi, a inda faɗinsa na sama da na ƙasa suka zo ɗaya. Ba dole layukan su kasance a tsayi guda ba, faɗin yankan ne ya zama tilas ya yi daidai. Buga alama biyu da fonci, wato ƙarfe mai tsini na ɗiga alama, ɗaya sama da tef ɗaya ƙasa, ka auna tsakaninsu don ka gwada bayan an haɗa.

Yanke layin sama da siririn faifan yanka, mutum huɗu su ɗauke rufin. Sannan ka yanke na ƙasa, ka bar milimita 1 ko 2 da za ka ci da fayil. A mayar da rufin a matse. Inda kusurwar baya ba ta haɗu ba, tsaga ta a tsaye kamar santimita 10, ka buɗa ko ka tsuke har ta zauna.

A walda ne aka fi ɓata aikin. Kaurin ƙarfen bai wuce milimita 1 ba sosai, zafi kaɗan ke murɗe shi. Haɗa baki da baki, kada ka ɗora wani kan wani, domin ruwa yana maƙalewa a tsakani ya haifar da tsatsa. A injin MIG, wato injin walda mai aiki da waya da gas, sa waya mai milimita 0.6 da gas mai kashi 75 agon, 25 kabon dayoksaid. Waldar gas ta kabaid ma tana yi, sai dai zafinta ya fi yaɗuwa. Yi ɗigo ɗaya, ka tsallaka santimita 3, ka koma wani ginshiƙin, kada ka ja dogon layi. Kowane ɗigo yana tsukewa idan ya huce, ya janyo ƙarfen ciki. Maganinsa ka tokare bayansa da ƙaramar maƙera ta hannu, ka buga shi da guduma sau biyu ko uku ya sake miƙewa. Haka za ka yi ta cike tsakanin ɗigogin, kana taɓawa da hannu. In ya yi zafin da ba za ka iya riƙewa ba, dakata. Kada ka watsa masa ruwa, yana ƙara tsukewar.

Goge kan waldar kaɗai da faifai mai lamba 36, ka bi da 80, ba tare da ka ci ƙarfen gefe ba. Saman ƙofofi a yanke shi bayan an gama rufi, ƙofar tana rataye. Fesa firamar efoksi, wato fentin farko na ƙarƙashi, fila kuma, wadda ake cike lotsawa da ita, kada kaurinta ya wuce milimita 3, in ba haka ba za ta tsage.

Gilashi ne na ƙarshe. Zana kowace taga a kwali ka kai wa mai yanka. Mai leda a tsakiya yana yankuwa, amma wanda aka gasa, faifai na taɓa shi zai tarwatse, sai dai a yi odar sabo.