Yadda za ka gane halin yaro kafin ka yanke masa hukunci

A lakwal ɗinmu nan Tawa, da yaro ya fara faɗa ko ya daina magana sai a ce taurin kai ne, ko iska. Ni malama ce, kuma wannan saurin hukunci yana ƙona mini rai.

Ka samu kaye guda. Duk sa'ad da abin ya faru, rubuta me ya gabace shi, me yaron ya yi, me ya biyo baya. Kada ka rubuta "mugu ne". Rubuta "ya jefar da alli da aka kira shi gaban tablo". Bayan mako biyu za ka ga inda abin ke maimaituwa. Wani yaron karatu a gaban jama'a kawai yake tsoro.

Duba ido, kunne, barci da yunwa. Idan saurayi ne mai zaman fada, bincika batun tiramol a hankali, ba a gaban abokansa ba.

Sannan ka ji ta bakin uku: uwa, malami, da yaron kansa. Takardar auna halin yaro mai suna SDQ, da wani likitan ƙwaƙwalwar yara, Robert Goodman, ya fitar a 1997, tana taimakawa: tambayoyi 25 kan damuwa, ɗabi'a, rashin natsuwa, zama da tsara da taimakon mutane. Ɗan shekara 11 zuwa 17 zai iya cika tasa. Akwai ta da Faransanci. Tana nuna alama ne kawai, gano cuta aikin likita ne.

In yaro ya ambaci kashe kansa, a kai shi asibiti ranar nan, kuma kada a bar shi shi kaɗai.